Tashar nukiliya a kan teku: idan jirgin ya nutse fa?

Malam Habu, Pantami:
Assalamu alaikum jama'a. Yau wata ɗalibata ta tsayar da ni da tambaya a aji, na rasa amsar da za ta gamsar da ni kaina, balle ita. Muna darasin makamashi ne, sai na ba su labarin jirgin nan na Rasha, Akademik Lomonosov. Ga wanda bai san shi ba, tashar wutar lantarki ce ta nukiliya sukutum da guda aka ɗora a kan ruwa. Tsawonsa mita 144, faɗinsa mita 30, ya fi filin ƙwallo tsawo. Ba shi da injin tafiya, jan sa ake yi. Tukwanen nukiliya biyu ne a cikinsa, kowace tana ba da megawat 35, saba'in ke nan. A 2019 aka ja shi daga birnin Murmansk na Rasha zuwa Pevek, wani ɗan gari a can ƙuryar arewacin Rasha inda teku ke daskarewa mafi yawan shekara, kuma tun watan Disamba na wannan shekarar yake ba su wuta. Rosatom, kamfanin gwamnatin Rasha da ke da shi, yana tallar irinsa ga ƙasashen da ke bakin teku. A 2024 har takardar fahimtar juna suka sa wa hannu da ƙasar Gini a kan haka, ka ga maganar ta iso Afirka ta Yamma.

Ina cikin bayani yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan jirgin ya nutse fa?" Na ce an yi masa tsari. Ta ce, "Wane irin tsari?" Ana haka aka kaɗa ƙararrawa. Tun ɗazu abin ke yi mini yawo a kai. In faɗi matsayina tun da wuri: ina son wutar nukiliya, ina kuma koyar da ita da zuciya ɗaya, amma raina bai kwanta da a ɗora ta a kan ruwa ba, musamman ruwanmu. Masana, bismillah.

Auwal mai walda, Bolari:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ko a kan ruwa ko a kan raƙumi, in dai wuta za ta zo a kawo. Jiya dizal ɗin dubu goma sha biyu na ƙona kafin na gama ƙofa ɗaya. Yarana uku a shago, rabin yini zaune muke.

Injiniya Bello, Tumfure:
Malam Habu, Allah ya yi wa ɗalibarka albarka, ta yi tambayar da ya kamata. Amma bari in fara daga wani wuri, domin mutane da sun ji nukiliya sai Chernobyl, sai Fukushima, a tattara komai a zuba a buhu ɗaya.

Tukunyar nukiliya ruwa take dafawa, shi ke nan aikinta. Tururin ya juya injin, injin ya ba da wuta. Babban haɗarinta kuma ba fashewa irin ta bam ba ce, zafi ne. Ka san idan an sauke tuwo an zare itace daga murhu, garwashin bai mutu ba. Haka take. Ko an kashe ta nan take, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na zafinsa, ya riƙa raguwa a hankali, bayan kwana ɗaya ya koma ƙasa da kashi ɗaya. Kashi ɗayan nan ma ya isa ya narkar da ƙarfe idan babu ruwan da ke kwashe shi.

Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan ke nan ranar 11 ga Maris 2011. Girgizar ƙasa ta zo, tukwanen suka kashe kansu kamar yadda aka tsara. Sai igiyar teku mai tsayin kusan mita 15 ta haura katanga, ta cika ɗakunan ƙasa inda janaretocinsu suke. Babu wuta, babu famfo, babu ruwan sanyaya. Tukwane uku suka narke. Teku na nan a gabansu amma an rasa abin da zai ɗago ruwan.

To tukunyar da ke cikin jirgi a kan ruwan take zaune. Ruwan da zai sanyaya ta yana kewaye da ita dare da rana, kuma girgizar ƙasa ba ta jijjiga abin da ke yawo a kan ruwa yadda take jijjiga gini. Wannan ita ce hujjar masu ƙera ta, ni kuma a matsayina na injiniya na yarda hujja ce mai ƙarfi.

Malam Habu, Pantami:
Na ji wannan, Injiniya. Amma 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun kira shi Chernobyl a kan ƙanƙara. Ruwa ba ya tsami banza.

Injiniya Bello, Tumfure:
Suna ne na jan hankali, Malam, kuma ya yi musu aiki. Tukunyar Chernobyl da ta fashe a 1986 megawat 1,000 take bayarwa, cike take da wani baƙin dutse irin na bakin fensir wanda ya taimaka wutar ta yi ta ci kusan kwana goma, kuma ba ta da ƙaƙƙarfan ɗakin da zai riƙe abin da ya fito. Ta jirgin nan megawat 35 ce, ruwa ne a cikinta ba wancan dutsen ba, tana kuma cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe. Jikar tukwanen da Rasha ke sa wa jiragenta masu fasa ƙanƙara ce, kuma tun 1959 da jirgin Lenin suke wannan sana'a. Ba su ne ma farko ba. Sojojin Amurka sun ɗora ƙaramar tukunya mai megawat 10 a kan wani tsohon jirgi mai suna Sturgis, ta ba yankin mashigin Panama wuta daga 1968 har tsakiyar shekarun 1970.

Baba Garba, tsohon sojan ruwa:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Injiniya, bayaninka ya yi kyau, amma na ga alama a kan takarda ka san teku. Ni na yi shekara ashirin da shida ina kwana ina tashi a kanta.

Teku ba ta barin ƙarfe ya huta. Ka goge tsatsa yau ka shafa fenti, wata mai zuwa ka dawo ka tarar ta ɓullo ta wani gefen. Bututun da ke jawo ruwan teku zuwa inji, wasu ƙananan halittu masu ɓawo ne ke shiga su manne a ciki su yi ta hayayyafa har su toshe shi. Da hannuna na sha buɗe matatar ruwa in kwaso su da leda da ciyawa cike da bokiti, wani lokacin sau biyu a dare ɗaya idan muna tsaye kusa da Legas a damina. To ruwan da kake cewa yana kewaye da tukunyar, ta bututu zai shiga, bututun kuma mutum ne ke share shi.

Na biyu, maganar igiya. Gaskiya ne a tsakiyar teku inda ruwa ke da zurfi, igiyar girgizar ƙasa za ta wuce ƙarƙashinka ba ka ma sani ba. Sai ta zo gaɓa take miƙewa. Shi kuma wannan jirgin ba a tsakiyar teku ake ajiye shi ba, a bakin gaɓa ake ɗaure shi domin waya ta kai gari. Duk wanda ya kalli hotunan Japan na 2011 ya ga manyan jirage zaune a kan tituna.

Injiniya Bello, Tumfure:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban musa muku ba. Shi ya sa a Pevek aka gina masa katanga ta musamman a cikin ruwa, aka kuma riƙe shi da sandunan ƙarfe ba igiya kaɗai ba. Sannan gaɓar tekunmu ba wurin manyan girgizar ƙasa ba ce irin Japan.

Baba Garba, tsohon sojan ruwa:
To mu je kan tambayar yarinya, tunda har yanzu ba wanda ya amsa ta. Jiragen nukiliya sun sha nutsewa. Kursk, jirgin ƙarƙashin ruwa na Rasha, ya nutse a 2000 da mutum 118, makamin da ke cikinsa ne ya fashe. Tukwanensa sun kashe kansu, ba su zubar da komai ba, aka ɗago shi a 2001. Wannan shaida ce a ɓangaren Injiniya, ba zan ɓoye ta ba. Amma akwai K-159. Tsohon jirgin ƙarƙashin ruwa ne da aka daina aiki da shi, a 2003 ana jan sa za a kai shi a wargaza, guguwa ta taso, ya nutse da mutum tara. Yana nan a ƙasan teku, zurfin sama da mita 200, da tsohon makamashinsa a ciki, ba a ɗago shi ba. Ku lura da kyau, ana jan sa ne. Duk wanda ya yi aikin ruwa ya san babu lokacin da jirgi ya fi zama abin tausayi kamar lokacin da ake jan sa. Igiya ta tsinke cikin hadari, ba shi da inji, ba shi da sitiyarin da zai amfane shi, sai inda iska ta ga dama. Wannan na Rasha an ce duk bayan shekara goma sha biyu za a ja shi a mayar da shi gida a yi masa babban gyara. Daga nan zuwa Rasha tafiyar makonni ce a buɗaɗɗiyar teku.

Malam Habu, Pantami:
Baba kun tuna mini. A 2018 da za a fito da shi daga birnin San Fitasbag na Rasha, ƙasashen da zai ratsa ta gabansu, musamman Nowe, sun nuna damuwa. Dole aka ja shi fanko, sai da ya isa Murmansk aka zuba masa makamashi. Masu shi da maƙwabtansu ma sun san inda gizo ke saƙa.

Sadiq, ɗalibi a Kashere:
Don Allah ina da tambaya. Idan ya nutse, ba shi ke nan ruwan ya rufe komai ba? Na ji an ce ruwa yana tare tiririn nukiliya.

Sista Rabi, ɗakin hoton ƙashi:
Sadiq ƙanena, abu biyu ne ake haɗawa. Akwai tiririn da ke fitowa kamar haske, wanda nake aiki da irinsa kullum. Shi kam ruwa mai zurfin 'yan mitoci yana tare shi, shi ya sa ake ajiye tsohon makamashi a cikin tafkin ruwa a tashoshin nukiliya, ma'aikata na tafiya a gefensa lafiya lau. Sai kuma burbushin kansa, wato sinadaran da ke fitar da tiririn. Su ne abin tsoro idan ƙarfen da ya rufe su ya ruɓe, domin narkewa suke yi su bi ruwa. Aidin ɗin nukiliya rabinsa ke mutuwa duk bayan kwana takwas, amma kafin nan idan ya shiga jiki gaban wuya yake tafiya, inda maƙoƙo ke fitowa. A Chernobyl ta madarar shanu ya shiga jikin yara, dubbai suka kamu da kansar wurin. Siziyom kuwa sai ya shekara talatin kafin rabinsa ya mutu, jiki kuma yana ɗaukarsa kamar abinci ya kai shi cikin tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami.

In yi adalci, teku tana da faɗi kuma tana sirka abu sosai. Jirgin Komsomolets da ya nutse a 1989, masu bincike na Nowe sun je kansa a 2019 sun tarar yana ɗan fitar da siziyom ta wani bututu, amma da an matsa kaɗan sai awon ya faɗi ƙasa warwas. Sai dai shi yana can zurfin sama da kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya nutse a bakin gaɓa mai zurfin mita goma, inda masunta ke jefa koma, lissafinsa daban ne.

Hajiya Maman Safiyya:
To ni yanzu aka zo wajena. Masu cewa me ya haɗa Gombe da teku, ku zo Sabuwar Kasuwa da safe ku ga motar kifi tana saukewa. Titus, shawa, kote, duk daga teku suke. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Kifi ba ya bukatar ya gurɓace kafin kasuwarsa ta mutu, magana ɗaya ta isa. An taɓa yaɗa wani saƙo a waya cewa ana zuba wa kifin ƙanƙara maganin gawa, wallahi sati biyu mata na wucewa ta gaban shagona suna kau da kai. Ranar da aka ce wani abu ya zuba daga jirgin nukiliya a ruwan Najeriya, ko cokali ɗaya ne, ko kifina daga wata ƙasa ya zo, ba wanda zai tsaya tambaya.

Amma kuma ku ji ɗaya gefen, domin ni abin ya ci ni ta ko'ina. Lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, ana tsakiyar zafi, muka yi makonni a duhu. Janaretana ya yi kwana tara yana aiki ba hutu, a na goma ya tsaya. Da na buɗe ɗakin sanyi da asuba ruwan jini ne ya fara taɓa ƙafata. Katan sittin da huɗu. Da kuɗina na ɗauki a-kori-kura aka kai su bayan gari aka binne, yaron shagona yana kuka ina ba shi haƙuri. Har yau ban gama biyan wannan bashin ba. Don haka idan Auwal ya ce a kawo wuta ko ta halin ƙaƙa, na san daga inda maganarsa ta fito.

Auwal mai walda, Bolari:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Lokacin nan ni Kano na tura yarana biyu neman aiki.

Injiniya Bello, Tumfure:
Amin. Kuma a nan nake so mu riƙa auna haɗari da haɗari. Duk shekara muna jin iyali guda sun kwanta da janareta a cikin gida an wayi gari babu ko ɗaya. Muna jin tankar mai ta faɗi ta ƙone mutane, ta Majiya a Jigawa a 2024 sama da mutum 150 ta ɗauke. Hayaƙin dizal da na icen girki yana cin huhun mutane shiru ba a ƙirga su. Idan aka lissafa mutuwa a kan yawan wutar da aka samar, nukiliya tana can ƙasa tare da sola da iska, gawayi da mai ne a sama. Rashin wuta ma yana kisa, Sista za ta ba da shaida.

Sista Rabi, ɗakin hoton ƙashi:
Ina shaida. Na ga an ƙarasa ɗinki da fitilar waya.

Barista Umar, Jekadafari:
Na jima ina karantawa, bari in sa baki. Injiniya, lissafinka na mutuwa daga ƙasashen da suka riƙe abin da kyau aka tattaro shi. Ni tambayata ba a kan ƙarfe take ba. Ranar da wani abu ya faru, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?

Babbar yarjejeniyar duniya kan kiyaye haɗarin nukiliya, ta 1994, da ta zo fassara abin da take nufi da tasha, cewa ta yi tashar da ke kan tudu. Dokokin jiragen ruwa kuma da suka yi maganar nukiliya, jiragen da nukiliya ke tuƙa su suke nufi. Wannan ba a kan tudu yake ba, ba ya kuma tuƙa kansa. Ya faɗa tsakanin kujeru biyu. Hukumar nukiliya ta duniya da ke Viyana sai a Nuwamban 2023 ta kira taro na musamman kan irin waɗannan tashoshi, kuma wannan giɓin yana cikin abin da aka tattauna. A Pevek abin da sauƙi, jirgin Rasha, ruwan Rasha, ma'aikatan Rasha, hukumar sa ido ta Rasha. Kawo shi bakin Kalaba ko Fatakwal. Jirgin na wata ƙasa, ma'aikatan nata, makamashin nata, ruwan da mutanen da ke gaɓa namu. Idan jami'in hukumarmu ta sa ido kan nukiliya ya ce a kashe tukunya yanzu, kyaftin ya ce sai ya ji daga gida, maganar wa za a bi?

Kuma kada mu manta da garin Koko na jihar Delta ta yanzu. Tsakanin 1987 da 1988 aka lallaɓo da dubban gangunan guba daga Italiya aka jibge a filin wani bawan Allah a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, ana ba shi ɗan kuɗin haya. Ta tashar jirgin ruwa suka shigo, da takardu. Sai da 'yan jarida suka tona sannan gwamnati ta farka, aka tilasta mayar da su, aka kafa hukumar kare muhalli.

Injiniya Bello, Tumfure:
Barista, da girmamawa, kwatanta wannan da Koko zalunci ne. Koko fasa-ƙwauri ne aka yi a ɓoye. Nan kuwa tsarin shi ne mai jirgi ya tafi da tsohon makamashinsa, ba ya bar mana ko ƙwaya. Ni a wurina wannan ma shi ne babban alherinsa. Kuma a daina cewa ba za mu iya ba. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana tafiyar da tukunyar nukiliya tun 2004, 'yan ƙasar nan ne ke riƙe da ita, ba a taɓa jin wani abu ba. A 2018 aka canza mata makamashi daga mai ƙarfin da za a iya yin makami da shi zuwa mai sauƙi, aka mayar da tsohon Sin lafiya.

Malam Habu, Pantami:
Ina alfahari da ta Zariya, na taɓa raka ɗalibai cibiyar. Amma Injiniya ka faɗi girmanta. Kimanin kilowat 30 ce, zafin dutsen guga talatin. Kowace tukunya ɗaya a jirgin nan zafinta megawat 150 ne, ninki dubu biyar ke nan. Wanda ya iya riƙon ɗan akuya ba a ce ya iya riƙon bijimi ba, ko da yake daga nan ake farawa.

Barista Umar, Jekadafari:
Kuma tafiya da makamashin da kake yabo, ita ce igiyar da za a ɗaure mu da ita. Ba sai mun yi hasashe ba, akwai jiragen wuta na kamfanin Karpowership na Turkiyya a gaɓar Afirka ta Yamma yanzu haka, masu ƙona mai da gas. A 2023 sun kashe wa Firitawun, babban birnin Saliyo, wuta saboda bashi, bayan 'yan makonni suka kashe wa Bisau, babban birni guda ya kwana a duhu har da asibitoci. Zanen aro ba ya rufe katara. Na dizal idan an yi rigima a kashe a ja shi a tafi. Na nukiliya ko an kashe shi, kai da bakinka ka ce garwashin na nan, dole a ci gaba da biyan masu kula da shi da masu gadinsa ana tsakiyar rigimar kuɗi.

Baba Garba, tsohon sojan ruwa:
Gadi kuwa, ku bar ni da shi. A 2020 cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne. An samu sauƙi sosai daga baya, yaranmu sun yi ƙoƙari. Amma tasha a kan tudu katanga kake yi mata ka sa ƙofa ɗaya. A ruwa ta sama za a zo maka, ta gefe, ta ƙarƙashi. Kwale-kwale mai inji biyu cikin dare babu fitila, kafin ka gan shi ya iso. Ban ce za su iya fasa tukunyar ba, ƙarfenta ba wasa ba ne. Ya ishe su su kama mutanen da ke kula da ita.

Sannan wani abu da ban ji an ambata ba, ranar canza makamashi. A 1985 a Chazhma kusa da Baladibostok, ana wannan aikin a wani jirgin ƙarƙashin ruwa, aka ɗaga murfin tukunya fiye da ƙima, ya taho da sandunan da ke danne wutar. Mutum goma suka mutu nan take, burbushi ya watsu a gaɓa, gwamnatinsu ta rufe maganar shekaru. Shi Lomonosov a cikinsa ake canza masa makamashi duk bayan 'yan shekaru, a cikinsa kuma ake ajiye tsohon.

Injiniya Bello, Tumfure:
Haka ne Baba. Sababbin da suke ƙerawa don sayarwa waje an tsara su ne a kan ba za a buɗe tukunya a wurin aiki ba, sai an mayar da jirgin gida. Wannan ya kawar da haɗarin da kuka faɗa daga gaɓarmu, amma na yarda ya ƙara yawan jan da kuka yi gargaɗi a kai.

Yakubu, Dadin Kowa:
Ni ɗan masunta ne, a bakin dam aka haife ni. Tun shekarun 1980 ruwan nan yake tare, aka yi fiye da shekara talatin kafin injinan wuta suka fara juyawa. Megawat 40 ne. Wato duk wannan jirgin da ake ta magana bai kai Dadin Kowa biyu ba. Kuma ba zai hawo Gongola ba, a bakin teku zai tsaya, tafiyar kwana guda cur a mota daga nan. Wutarsa ta wace hanya za ta zo mana? Ta wayar nan dai da aka kayar. Ranar da Hajiya ta binne kifinta akwai wuta a tashoshin Kainji da Egbin, hanyar zuwa ce babu. Haka aka sake yi a watan Oktoban shekarar, Arewa kusan gaba ɗaya ta yi kwanaki a duhu.

Auwal mai walda, Bolari:
Wallahi Yakubu ka kashe bakina. Ni na ɗauka in an kawo shi namu ya zo.

Injiniya Bello, Tumfure:
Wannan kam ba ni da ja. Ƙari ma, tukunyar nukiliya ba ta son layin da ke faɗuwa. Duk sanda babban layi ya faɗi dole ta rage ko ta kashe kanta ta koma kan janareton gaggawa, mu kuma layinmu na ƙasa yakan faɗi sau da yawa a shekara ɗaya. Ni inda nake ganin amfaninsa shi ne a ɗaure shi kusa da babbar masana'anta ko tashar jiragen ruwa ya ba su kai tsaye, wutar da suke sha a layi ta rage mana. Amma har yanzu ina kan bakana, Malam Habu, ƙirar jirgin ba ita ce matsala ba.

Sista Rabi, ɗakin hoton ƙashi:
Bari in ba ku wani ɗan misali daga aikina, ku auna da kanku. Kowannenmu yana da ɗan bajo da yake maƙalawa a ƙirji, girmansa bai wuce akwatin ashana ba. Shi ke tara lissafin tiririn da ya shiga jikinka. Ƙa'ida ita ce duk bayan 'yan watanni a karɓa a kai a karanta, a ba ka sakamako. A wani wuri da na taɓa aiki, na yi shekara ɗaya da wata huɗu da bajo ɗaya. Duk sanda na tambaya sai a ce kuɗin bai fito ba. Ina da juna biyu a cikin wannan lokacin. Rigar dalmar da muke sawa ta tsage ta kafaɗa, da filasta muka liƙe ta. Na'urar lafiyarta ƙalau, mai tsada ce, daga waje aka kawo ta. Alhamdu lillahi yarona lafiya yake, amma har gobe ban san adadin da na sha a wannan shekarar ba. Dokar tana nan a rubuce, hukumar da ke sa ido ma tana nan, kuɗin karanta bajo ne ba a ware ba.

Malam Habu, Pantami:
Sista, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Abin da nake ji a raina ke nan na kasa faɗa wa yarinyar. Mutanen Maiduguri ma sun ga irinsa a Alau a watan Satumban 2024, dam ya ɓalle cikin dare ruwa ya shiga gari, alhali an daɗe ana kukan yana bukatar gyara. Ba zan koma aji in ce musu jirgin bam ne ba, domin Injiniya ya gamsar da ni ba haka ba ne. Ba kuma zan sake ce musu an yi masa tsari in yi shiru ba.

Ina neman alfarma. Ranar Laraba ina da su daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da minti ashirin. Baba, idan jiki ya yarda, zan zo da mota in ɗauke ku ku ba su labarin jan jirgi da bakinku. Injiniya, kai ma ka zo ka kare ɓangarenka, kada su ji gefe ɗaya.

Injiniya Bello, Tumfure:
In sha Allah zan zo. Ka tanadar mini tukunya da risho da ma'aunin zafi, a gabansu za mu kashe wutar mu ga minti nawa ruwan zai yi kafin ya huce.

Baba Garba, tsohon sojan ruwa:
Ka zo da wuri, ɗana, ba na son gaggawa a hanya. Akwai guntun igiyar jan jirgi da na ajiye tun ina aiki, kaurinta ya kai damtsena. Jikana zai ɗauko ta.

Sista Rabi, ɗakin hoton ƙashi:
Ina aikin dare ranar Talata, amma zan biyo kafin in wuce gida. Zan zo da bajona, in kuma roƙi a ara mini rigar dalma ɗaya su ɗaga su ji nauyinta. Malam, ka ce wa yarinyar ta zauna a layin gaba.